Kati Mai Baki Takwas da Ya Tona Mini Asiri a Illela

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka buɗe ɗakin kwamfuta a buro, wato ofishin ƙungiyar manoman Illela ba, ko da yake na so in manta.

Lokacin na gama karatu a Yamai ke nan aka turo ni garin. Ba ni da ɗan uwa a can, ba ni da aboki. Kwamfuta ɗaya tak ce a buron, shugabanmu Alhaji Mamman kuma yana son ma'aikata huɗu su yi aiki da ita a lokaci guda, kowa da allonsa da madanninsa. Hakan ba ya yiwuwa sai an soka mata wani kati mai bakuna da yawa a ciki, kowane baki ya ja waya zuwa tebur ɗaya.

Na je Ƙonni wurin wani ɗan kasuwa mai shigo da kaya daga Sakkwato. Ya ajiye mini kati biyu: ɗaya baki huɗu amma da 'yar ƙwaƙwalwarsa da ke rage wa kwamfuta nauyi, ɗayan baki takwas, ba ƙwaƙwalwa. Ba wanda zan yi shawara da shi. Na ɗauki mai takwas (a raina ina hango yadda za a ce yaron nan ya san aiki).

Gwaji ya rage. Da an tashi aiki kowa sai ya hau keke ko babur ya tafi wurin iyalinsa, a bar ni da allo huɗu. Sai in zauna a kujerar farko in rubuta, "Sannu da aiki. Ka ci tuwo?" In tashi in koma ta biyu in amsa, "Ban ci ba." In je ta uku: "Allah sarki. Wa ya tambaye ka yau?" Ta huɗu: "Ba kowa." Da farko gwaji ne. Daga baya, gaskiya, har ɗokin lokacin nake yi. Na adana hirar don in riƙa aika ta kowane allo in ga ko wayoyi na aiki.

Ranar buɗewa aka cika, har da baƙi daga Malbaza da shugabannin manoma na ƙauyuka. Ma'aikata huɗu suka zauna, suka soma bugawa gaba ɗaya. Katina ya shaƙe. Ka danna harafi, sai ka yi hamma kafin ya fito.

Alhaji Mamman ya dube ni, ya kira ni yadda ake kiran ɗan boko a can, da lafazin Faransanci. "Mushe, mi ya faru?"

"Ba komai, Alhaji, bari in gwada layin."

Na aika gwajin da na saba. Wannan kam, don mugunta, ya fito tar a allo huɗun. Alhaji ya gyara tabarau, ya zaci jawabin maraba ne, ya karanta da ƙarfi tun daga tuwo har zuwa "Ba kowa."

Na jira dariya. Da an yi ta, da na ji sauƙi. Sai Hajiya Rabi, sakatariyarmu, ta ce a hankali, "Ɗana, da wa kake wagga hira?"

Na ce, "Da... injin."

"To wa ke ba ka amsa?"

Na sunkuyar da kai ina duban wayoyi (ba abin da ya same su).

Washegari na koma Ƙonni na canjo mai baki huɗun, aiki ya tafi sumul. Amma har na bar Illela, duk wanda ya wuce teburina sai ya rage murya ya ce, "Mushe, ka ci tuwo?" Ya wuce kafin in amsa.

Abin da na koya: in za ka sayi kati, tambayi ƙwaƙwalwarsa kafin ka ƙirga bakuna. In kuma kaɗaici ya sa ka hira da kanka, yi ta da baki. Bango ba ya adanawa.