Sarkin Buhu

"...da gajiya, Maigida? Na ji an ce mota ta tashi, kuma ba a kore ka ba."

Mai maganar Uwani ce, kakar Mukhtar. Ta zo Aliero daga Giwa Tazo ɗorin targaɗen hannu, ta mai da rumfar ware albasa wurin jiranta. Wata uku ke nan da ƙungiyar manoma ta ɗora Mukhtar kan ma'aikatan rumfar, bayan ya yi kwas ɗin shugabanci na mako biyu. An gaya masa a fili: in motar kudu ta sake tafiya da rabin lodi ranar Juma'a, ya aje makulli. Yau Juma'a, mota kuma ta tafi a cike.

"Ba gajiya, tsohuwa. Ilimi ne ya yi aikinsa."

"Wane ilimi? Wanda na iske ka ranar Talata ka haɗa kai da gwiwa kana kuka?"

"Albasa ce ta shigar mini ido."

"Albasar da ba a yanka ba? Ko albasar Aliero ta yi makaranta ita ma?"

"Ke da kika yi targaɗe a kan tabarma, har kina da bakin magana."

"Rago na kama, ɗan nema. Kai mi ka taɓa kamawa ban da biro? Karanta mini takardar nan da ka rubuta ma mutane hali."

Mukhtar ya zaro ta daga aljihu. A kwas an koya masa cewa kowane ma'aikaci yana da rukuninsa, shi kuma bai bar kowa ba rukuni ba.

"Hamsatu, mai yawan magana."

"Wannan ko kurma ya sani. Ka haɗa ta da masu tsintar ruɓaɓɓa, hira ta ci aiki. Wa ya ce a kai ta bakin ƙofa?"

"Shawarar hukuma ce."

"Hukuma mai ɗaurarren hannu. Awa biyu Hamsatu ta riƙe direba da labarin bikin Fagada, bai san ana ƙarasa ɗinke buhu ba. Sai wa?"

"Labbo, mai taurin kai."

"Dattijo mai hurhura, tun kana goye yake ɗaukar buhu, ka tsaya gaban mata kana 'Labbo, zo nan'. Ko jakina ba ni yi ma haka."

"Doka ce. Kowa a kira shi da sunansa, don a zama ɗaya."

"Awo, kun zama ɗaya, duk kun zauna. Ta ukun hwa?"

Mukhtar ya ɗan rage murya. "Mairama, mai girman kai."

Mairama ita ce ta fi kowa saurin cika buhu. Amma tun da aka kafa dokar suna, ba ta sake kiran mai ɗauka ba. Buhuna suka taru a gabanta, hanya ta toshe, Labbo kuma ya rantse ba ya motsi sai an kira shi. Sau biyu Mukhtar ya yi taro a kan muhimmancin haɗin kai. Mairama ta saurara da ladabi, ta ci gaba da shiru.

"Ka taɓa tambayar sunan surukinta?" in ji Uwani.

"Babu wannan a cikin fom."

"Labbo sunansa shi ma. Uban mijinta. Ka so ta tsaya tsakar rumfa ta kwarma shi sau hamsin a wuni? Gara ka kore ta."

"Ai da ta yi bayani."

"Ta yi bayani ta ce wa? Sunan ne ba ta iya hwaɗi, mai digiri."

Abin da Uwani ta yi ranar Laraba bai kai minti ɗaya ba. Ta ɗaga hannunta mai lafiya ta ce da Labbo, "Sarkin Buhu, ran ka ya daɗe." Dattijo ya gyara hula. Kafin azahar Mairama ta kira Sarkin Buhu sau goma sha ɗaya, shi kuma yana zuwa da sauri irin na wanda talakawa ke jira.

"Sa'a ce kika yi," in ji Mukhtar. "Al'adar nan a ƙauye ta rage. Ni ban tashi na gan ta ba."

Uwani ta dube shi har sai da ya tsargu.

"Shekararka nawa?"

"Talatin da ɗaya."

"Ka taɓa jin na kira sunanka?"

"Maigida kike ce mini."

"Don mi?"

"Don kin rasa miji kin maƙale mini."

"Da wannan kan naka kamar ƙwaryar awo? Sunan mijina Malam anka sa maka, marigayi. Shekara talatin da ɗaya ina kauce ma sunan ga a gabanka, kai kana ɗauka sonka nike."

 Sai dariya ta ƙwace wa Mukhtar, irin wadda ya yi wata uku bai yi ba. Ya jawo kwandon albasa zaɓaɓɓa ya dire a gabanta, ya ɗora takardar a kai.

"Na sallama. Ga tukuici, ga kuma ilimina."

Uwani ta murza takardar ta ji kaurinta.

"Albasar ƙanana ce. Amma wagga za ta yi ƙunshin goro."