Ranar da Baban Binta Ya Tura Ni

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na ari tsohuwar jif ɗin Kawuna, lokacin wahalar man nan ta shekarun casa'in. Ina neman auren Binta, sai na ji mahaifinta da aminansa za su ɗaurin aure Katabu, ga mota ta yi wuya. Na ce dama ta samu, yau Alhaji zai san 'yarsa ba ta yi zaɓen banza ba.

Jif ɗin kuwa ta tsufa da mutuncinta. Safaya a kan hanci, tsani a baya, kariyar ɗora kaya a sama, ga injin jan mota da igiyar ƙarfe a gaba. Tun daga Rafin Guza, inda na kwashe su, nake zuba wa Alhaji bayani: "Baba, duk daga kamfani ta zo da su, ba haɗin bakin titi ba ne." (Rabin abin da na faɗa a ranar na ƙirƙiro shi.)

A hanyar dawowa, mun doshi Kawo, ta yi tari ta mutu. Na ce mai ne ya ƙare. Gidajen mai duk a rufe. Shagon Kawu na gaba kaɗan, don haka dattawa suka naɗe manyan riguna suka hau turi. Ni kuwa? Ina zaune a sitiyari, har da leƙowa ina cewa, "Baba, a ƙara ƙarfi, hawa ne!" Wallahi har yau idan na tuna sai na rufe fuska.

Kawu ya fito, ya dubi dattawa sharkaf da gumi, ya zura hannu ƙarƙashin kujerata ya murɗa wani ɗan famfo. Ya tayar, mota ta kama.

"Tanki biyu gare ta," in ji shi. "Na biyun a cike yake. Da safe na fara gaya maka, ka ce ka san mota."

Alhaji ya goge wuya da hularsa. "To, samari. Na tura mota, na tura mai, na tura ka. Akwai saura?"

Binta dai wani malamin makaranta ta aura, mai keke. Ni kuma tun daga ranar, ko cokali aka ba ni aro, sai na tsaya mai shi ya gama bayani.