Daɓen Ɗakin Tasalla Ya Hau Darbejiya

Ranar Asabar na kira gayya. Ruwan bara ya kwantar da ɗakin mai ɗakina Tasalla, ga damina ta ƙarato. Kwana biyar muna kwaɓa ƙasa da ciyawa har ta yi yadda magini ke so, tubali ya bushe, an dama kunu tukunya biyu. Mutum goma sha huɗu suka fito, har da maƙwabcina Labaran, wanda aikinsa a gayya bai wuce ba da shawara daga inuwa ba.

Mun ɗora sahu biyu ke nan sai ga wata farar mota. Wani bawan Allah ya fito da igiyar awo da gwangwanin jan fenti. Ban san muƙaminsa ba, ni dai na naɗa shi Sarkin Awo, Allah ya ƙara wa igiyarsa tsawo.

Ya ce, "Baba, a dakata. Unguwar nan tana cikin wuraren ambaliya. Sabuwar doka ta ce ba gyara sai da takarda da zanen gini, kuma daɓen ɗaki ya ɗara titi da ƙafa uku."

Na ce, "Ranka ya daɗe, zanen me? Kusurwa huɗu ne da ƙofa ɗaya."

Doka kam ta yi, ba na musu. Wa ke son ya farka ya ga takalminsa yana iyo? Titin ne abin dubawa. Shekara uku da suka wuce manyanmu, Allah ya saka musu, suka yi mana hanya zuwa Ƙafin Maiyaki. Suka yi ta jibga jar ƙasa har ta kai tagata, sai dai aiki ya yi musu yawa, suka manta da kwalbati. Ruwan da tun zamanin kakana yake wucewa kududdufi salin-alin, yanzu in ya zo sai ya tarar an tare hanya, ya juyo ya shigo mana gaisuwa.

Sarkin Awo ya ja igiya daga saman titi, ya ƙara ƙafa uku, ya yi ɗage ya shafa fenti a jikin darbejiyar ƙofar gidana. Duk muka ɗaga kai.

Labaran ya ce, "Malam, can ne daɓen? To ai Tasalla sai da tsani. Matar da gwiwa ta sa take salla a zaune!"

Tasalla ta ɗago murya daga cikin gida: "Labaran, ka fita harkar gwiwata, ka tambaye shi kwalbati!"

Aka tambaye shi. Ya ce wannan ba ofishinsu ba ne. Takarda fa? Wata uku, in an yi sauri. Na nuna masa gabas, na ce hadarin can ba zai ba mu mako uku ba. Ya ce shi ma ba ofishinsu ba ne. Ya sha kunu kofi biyu, ya yaba hannun mai damu, ya shiga mota.

'Yan gayya suka ƙarasa kunun, kowa ya saɓa fartanyarsa. Kafin la'asar Tasalla ta kwaso kwalla da kwanukanta ta tare a ɗakina, ta miƙo mini tabarma da buta, ta ce zaure ya fi iska, in zauna can har takarda ta fito.

A gaya wa manya dokarsu ta fara aiki. Bana dai ambaliya ba za ta ci ɗakin Tasalla ba, don ko ta zo ba za ta same shi ba.