Yadda Aka Adana Kukan Watse

A Dajin Marke kowa ya san matsayinsa, kuma an daɗe da daina gardama a kan haka. Akwai masu ci, akwai waɗanda ake ci, sannan akwai majalisa da ke zama a gindin wata tsohuwar kuka don tabbatar da cewa ɓangarorin biyu suna zaman lafiya. Zaki ne shugaba. Masu farce da haƙori a inuwa suke zama, masu fiffike da kofato a rana, kowa da wakilinsa, kowa da 'yancin magana muddin bai ambaci wanda aka ci jiya ba. Dokar daji ba ta hana farauta ba. Abin da ta hana shi ne a kira ta da sunanta a gaban majalisa, inda ake ce mata rage cunkoso.

Wata shekara, gab da faɗuwar damina, Shamuwa ta dawo daga yawonta na ƙasashen waje da babban albishir. Ta tsaya a kan ƙafa ɗaya, kamar yadda ta ce ta ga manyan masana suna yi, ta yi wa majalisa jawabi.

"Ya mai girma Shugaba, dazuzzukan duniya sun yi taro sun amince cewa kowane daji ya tattara gadonsa wanda ba a taɓawa da hannu. Waƙoƙi, raye-raye, kirari, dabarun kaka da kakanni, duk a lissafa su a adana. Dajin da ya yi haka za a san da shi. Wanda bai yi ba kuwa, a idon duniya fili ne kawai mai itatuwa."

Kura ta ɗaga hannu ta tambaya ko abin da ba a taɓawa ana iya cinsa. Aka ce mata a'a, sai ta koma gyangyaɗinta. Da ta ji za a kafa kwamiti mai zama kullum da abincin rana, ta farka ta ce ai ita tun tana ƙarama take kishin al'ada.

Aka naɗa Muzuru Tanko shugaban kwamiti, bisa hujjar cewa babu wanda ya kai shi sanin rayuwar tsuntsayen ƙasa, tunda ya shekara goma sha yana nazarinsu daga cikin ciyawa. Da yake ba a rubutu a dajin, sai aka mai da Aku da 'yan'uwansa goma sha biyu su zama Rajistar Ƙasa. Aikinsu su zauna a rassan kuka su haddace duk abin da aka kawo, kuma su riƙa maimaita shi kowace safiya don kada ya ɓace. Majalisa ta ƙara sashe ɗaya a dokar: duk ƙabilar da ba ta da komai a rajista za a ɗauke ta baƙuwa, kuma baƙo ba shi da iko da wurin kiwo.

Nan da nan kowa ya tuna yana da al'ada. Kura ta kawo dariyarta. Birai suka kawo alkafura iri bakwai, biyu daga ciki a hanyar zuwa suka ƙirƙira su. Kwaɗi suka kawo waƙar damina, suka hana kwamiti sakat kwana uku.

Zabi ne suka shiga uku. Su ba mawaƙa ba ne, ba su da kirari, abin da suka gada guda ɗaya ne tak, shi ne Kukan Watse. A fadamar da suke kiwo akwai wani dogon suri, kuma tun zamanin da ba wanda ya tuna, tsohuwa ɗaya ke tsayawa a kansa tana gadi yayin da sauran ke tsince-tsince. Idan ta hango abin da zai ci su sai ta yi wannan kuka, kowa ya watse ba tare da ya ɗaga kai ya ga mene ne ba. Manya su tashi sama, 'yan tsaki su lafe a ƙasa. Ƙa'idarsa ɗaya ce, ba a yin sa sai ido ya gani. Ba a gwaji da shi, ba a wasa da shi, ko mai gadon surin ba a koya mata da baki, sai dai ta tsaya kusa ta ji shi a ranar da ya kama. Inna Tabawa ce ke kan surin a lokacin. Shekararta tara a wurin, sau goma sha huɗu ta yi kukan, kuma tana iya faɗin abin da ta gani a kowane karo.

Wakilin zabi a majalisa, Zabo Nomau, ya zo ya same ta a gindin suri, yana ta gyara fuka-fukai.

"Inna, sannu da aiki. Sau ɗaya kawai za ki yi musu, Aku ya ɗauka, shi ke nan mun tsira da fadama."

"Me na gani da zan yi?" in ji ta, idonta na kan ciyawa.

"Ai ba sai kin ga komai ba, Inna. Nuni ne kawai."

"Nomau, ranar da shaho ya sauko maka kana ɗan tsako, ba tunani ka yi ba, lafewa ka yi. Da kunnenka ya saba da kukan nan, da yau ba mu da wakili."

"To idan aka kore mu daga fadama fa?"

"Sai mu tafi da rayukanmu."

Nomau ya koma ransa a ɓace, don shi ba ya ganin yadda zai zama wakilin baƙi. Aka aika wa Inna Tabawa sammaci. Ta zo majalisa ta tsaya a rana, ta yi magana a taƙaice.

"Ranka ya daɗe, ni ba ƙin dokarku nake ba. Abin nan da kuke so, ƙarfinsa a rashin jinsa yake. In kuna son ku adana shi, ku bar shi inda yake. Ku sa Aku ya haddace cewa zabi suna da kuka, kuma ba a yin sa."

Muzuru Tanko ya miƙe a hankali, ya lashi gefen bakinsa, ya yi gyaran murya.

"Ya mai girma Shugaba, na ji maganar uwarmu, kuma wallahi ta taɓa min zuciya. Amma mu duba. Gado irin wannan yana maƙogwaron tsohuwa ɗaya. In ta faɗi gobe, Allah ya kiyaye, ina za mu same shi? Ni kaina na sha jin kukan nan a bakin aikina, kuma ina shaida wa majalisa cewa duk lokacin da na ji shi sai na koma gida jikina a sanyaye. Abu mai tasiri haka bai kamata ƙabila ɗaya ta riƙe shi ba. Na daji ne baki ɗaya."

Aka yi tafi daga ɓangaren inuwa. Shamuwa ta ƙara da cewa a ƙa'idar duniya ba a tilasta wa mai gado, dole sai da yardarsa, kuma an fi son a ɗauki abu a muhallinsa na asali. Muzuru ya ce ya fahimta sarai.

Washegari da hantsi kwamiti ya fita binciken gani da ido. Aku ya sauka a kan wata ƙaya kusa da suri, Muzuru kuma ya shiga ciyawa ta inda ya saba. Da ya yi tsalle, Inna Tabawa ta yi kukan, don ba ta da zaɓi. Fadama ta watse. Aku ya ɗauke shi tsaf daga farko har ƙarshe. An rasa ɗan tsako ɗaya a wajen, wanda rahoton kwamiti ya kira samfurin bincike. Game da yarda kuwa, rahoton ya ce mai gadon ta yi kukan da bakinta, babu wanda ya taɓa ta.

Kukan Watse ya zama lamba ta arba'in da ɗaya a Rajistar Ƙasa, zabi suka tsira da fadamarsu, Nomau ya sha gaisuwa. Daga ranar, kowace safiya Aku da 'yan'uwansa sai sun rera shi daga kan bishiyar kuka, tsakanin dariyar Kura da waƙar kwaɗi. Ranar farko zabi suka tarwatse har wasu suka kwana a kan itace. Bayan mako guda sai su ɗaga kai su duba. Kafin wata ya cika, ko gezau, sai ma ka ji uwa tana ce wa 'ya'yanta su yi sauri, ga arba'in da ɗaya an yi, rana ta yi.

Da kaka ta zo aka shirya Bikin Gado na Ƙasa, har da baƙi daga wasu dazuzzuka. Muzuru ya lura cewa kuka ba rawa zai yi wa baƙi gundura, ya ba da shawarar a yi masa ado. Aka kafa ƙungiyar rawa ta zabi, aka ba Kuluwa shugabanci, jikar Inna Tabawa, wadda ita ya kamata ta gaji surin. Shugaban kwamiti da kansa ya tsara rawar. Idan aka yi kukan, zabi su rugo wuri ɗaya su yi da'ira, su sunkuyar da kai, su buɗe fuka-fukai, su rufe ido suna juyi. Kullum sai an yi atisaye, safe da yamma, manya da yara. Baƙi suka yaba ƙwarai, wata ma har da hawaye.

Inna Tabawa ta kira jikarta gefe.

"Kuluwa, kin san abin da kike koya wa 'ya'yanki?"

"Haba Inna, zamani ne. Da wa ya san mu? Yanzu har ƙetare ana maganarmu. Ke ma ki zo ki gani mana, ko sau ɗaya."

"Na gani daga kan suri. Na ga kuma wanda ke kallonku."

Tsohuwa ba ta zauna ba. Ta ƙago wani sabon kuka, gajere, mai kaifi, ta fara bi gida-gida tana gaya wa iyaye mata cewa in sun ji wannan su gudu. Kwana huɗu maganar ta kai kunnen kwamiti. Aka gurfanar da ita bisa laifin gurɓata gadon ƙasa da kawo jabu. Nomau ne ya karanta ƙarar, ya kuma karanta ta har ƙarshe. Saboda shekarunta aka yi mata sassauci. Aka ce ta koma surinta, amma in za ta yi kuka, to lamba arba'in da ɗaya za ta yi, yadda take a rajista.

Abin ya faru ne da rani, wata la'asar, ciyawa ta bushe abinci ya yi wuya a daji. Inna Tabawa tana kan suri ta ga ciyawa na motsi ta gabas, iska kuwa daga yamma take. Ta duba kudu ta ga haka, ta duba arewa ta ga haka. Muzurai ne, sun fi goma, ga diloli a bayansu. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta fara yin sabon kukan, babu wanda ya san shi sai 'yan tsiraru, su ma suka tsaya suna waige-waige. Sai ta buɗe maƙogwaro ta yi na gado, na uwarta da kakarta, da duk ƙarfin da ya rage mata.

Zabi suka ji. Suka bar kiwo suka rugo tsakiyar fadama, suka yi da'ira. Kuluwa na gaba, 'ya'yanta shida na biye da ita, kai a sunkuye, fuka-fukai a buɗe, ido a rufe. Ba su taɓa yin rawar ta yi kyau kamar ranar ba. Tsohuwa tana ta ihu tana kiran sunan jikarta, Kuluwa kuwa ta ɗauka kirari ake mata.

Majalisa ta zauna bayan kwana bakwai. Aka yi shiru na ɗan lokaci don juyayin rage cunkoson da aka samu a fadama. Muzuru Tanko, wanda ya ɗan yi ƙiba, ya gabatar da rahoto cikin alhini. Ya ce masu riƙe da lamba arba'in da ɗaya sun ragu matuƙa, ƙungiyar rawa ta ƙare, saura tsohuwa ɗaya. Ya nemi a mayar da kukan cikin jerin gadon da ke buƙatar ceton gaggawa, a kuma tsawaita wa'adin kwamiti. Ya ce Allah ne ya taimaka aka yi rajista a kan lokaci, da yanzu an yi asarar da ba ta da magani. Nomau, wanda ya tsira saboda yana wajen taro a ranar, ya goyi bayan ƙudurin a madadin jama'arsa.

Aka kawo Inna Tabawa, aka rataya mata ganyen girmamawa a wuya, aka naɗa ta Taskar Daji Mai Rai. Zaki da kansa ya buɗe ido ya ce a roƙe ta ta ɗan taɓa wa majalisa kukan, don tarihi.

Kowa ya zaci za ta ƙi. Ta tsaya ta dubi ɓangaren inuwa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, Zaki, Kura, diloli, Muzuru da danginsa a jere, wani ma da ɗan gashin zabo maƙale a gemunsa. Ido ya gani, ƙa'ida ta cika. Ta juya wajen masu zama a rana, su barewa da zomo da fakara, ta miƙe wuya ta yi musu Kukan Watse, tun daga ƙasan cikinta, har muryarta ta tsage.

Babu wanda ya motsa daga wurinsa. Da ta gama, ɓangaren rana ne ya fara tafi.

Aku ya leƙo daga kan reshe ya nemi izinin gyara. Ya ce Inna ta yi ƙoƙari, amma ta ja ƙarshen fiye da yadda yake a rajista.