Yadda Za Ka Shirya Kwat Ta Ci Intabiyu a Ikeja

Bi matakan nan, na yi maka alkawarin kayan jikinka za su samu aiki. Shekara ashirin da shida na yi ina gyara kurakuran marubuta a wata maɗaba'a kafin ta rufe, don haka in na ga kuskure ina gane shi, ko da a jikin mutum yake.

Mataki na 1: Rataye kaftaninka

Na san shaddar mai tsada ce. Rataye ta. In ka shiga ofis da kaftani da hula, kafin ka gama sallama mai karɓar baƙi za ta ce, "Aboki, an riga an ɗauki maigadi." Digirinka na cikin ambulan, hularka kuwa tana waje kowa na karantawa.

Mataki na 2: Nemi kwat

Kada ka saya. Kowane layi a Agege yana da kwat guda ɗaya, kuma ta layinmu tawa ce: ruwan toka, daga kasuwar Jankara. Maɓallinta na tsakiya ya taɓa tsinkewa, matata Badiyya ta mayar da shi da koren zare, don shi ne a hannunta. Na yi mita. Ta ce, "Malam, wa zai tsaya kallon tumbinka?" Shekara shida ke nan da rasuwarta, zaren bai ko motsa ba.

Isma'ila ya are ta, ya samu aiki. Audi ya ara, ya samu. Ahmad ya ara, aka ɗauke shi a wani kamfanin tayil, kuma duk ranar taron ofis sai ya sake ara. Masana sun tabbatar cewa sa'a tana kama yadi fiye da yadda take kama mutum.

Mataki na 3: Kada ka sa ta daga gida

Danfo, motar hayar Legas, ba ta san intabiyu ba. Za a ɗora maka kwandon tattasai a cinya, mai kifi ta jingina da kafaɗarka. Naɗe kwat a leda, ka canza a ɗakin maigadin kamfanin. Ko wane kamfani ne, ɗan'uwanka ne a ƙofa. Ranar da na je neman aikin akawun sito a kamfanin su Ahmad, Ɗan Azumi na tarar yana gadi, shi ya riƙe min madubi.

"Kai, Malam! Wallahi kamar mai karanta labarai a talabijin."

"Na yanzu?"

"A'a, na da. Waɗanda suka rasu."

Mataki na 4: Tuna abin da ya kawo ka

Wannan yana miƙar da kafaɗa fiye da guga. Ni dai 'yata Ni'ima ta kira daga Kaduna: "Baba, mun gyara maka ɗaki, har da fanka. In wata ya ƙare ba aiki, ka taho." A gidan mijinta, ka ji. In zauna suruki yana ciyar da ni, ina yi masa sannu da zuwa da yamma. Da na tuna haka, sai kwat ta zauna min daram.

Mataki na 5: Bari kayan su yi magana

Madam mai ɗaukar ma'aikata ba ta buɗe ambulan ɗina ba. Tumbina ta tsaya kallo. Badiyya, kin ji.

"Baba," in ji ta da Turanci, "wannan ba kwat ɗin Ahmad ba ce?"

"Tawa ce, Madam."

"Koren zaren nan na san shi. Kowane wata yana zama a gabana." Ta yi murmushi irin na ma'aikatan asibiti. "Aro ba abin kunya ba ne. Amma sito za mu damƙa wa mutum, muna son mai faɗin gaskiya."

Kada ka yi gardama. Ni na yi. Aka kira Ahmad, ya shigo, ya dube ni, ya dubi Madam, ya dubi albashinsa, ya ce, "Ai ni da Baba duk ɗaya ne." Na karanta littattafan siyasa da yawa, ban taɓa cin karo da jimla mai santsin wannan ba.

Mataki na 6: Kula da wadda ta yi nasara

Za a ce za a kira ka. Koma ɗakin maigadi, ka naɗe ta a hankali, ita ce mai aiki a gidan. Da yamma Ahmad ya zo, kai a sunkuye, da burodi biyu, wai akwai taro ranar Litinin. Har da shawara: ya kai wa tela a canza zaren, kowa ya huta.

Na ba shi kwat. Na ce ranar da almakashi ya taɓa zaren nan, ni da kaina zan je in ba Madam tarihin kowane maɓalli.

Sanarwa: alkawarin da na yi kayanka za su samu aiki ne, ban ambaci wanda ke cikinsu ba. Wanda ya bi shawarar nan ya wayi gari a gidan suruki, babu hannuna. Mai ƙorafi ya same ni a Agege kafin talatin ga wata. Bayan nan sai Kaduna, ɗaki mai fanka. Kwat ɗin dai tana nan Legas, ba a ba ta hutu ba.