Momi Mai Saukowa Daga Dutse

"Lafiya lau, Tutu. Kunnenki na zo dubawa, ko har yanzu yana aiki."

"Yana aiki mana. Tun daga kwanar titi na jiyo motarka tana tari kamar mai ita. Ina kifin da na aike ka?"

Kainalu ya tuɓe silifansa a bakin baranda, ya ajiye mata ƙullin ɗanyen kifi da kirɓaɓɓen gwaza. Ruwan sama na ta dukan kwanon rufi, irin na garin Hilo da ke tsibirin Hawaii. Tutu Leimomi, kakarsa ta wajen uwa (Tutu na nufin kaka a yarensu), tana zaune da tiren furanni a cinya, tana zura su a zare. Shi kuwa da roƙo ya zo. Da rana yana tuƙa motar 'yan yawon buɗe ido, da yamma yana waƙa da abokansa. Sun sake rera wata tsohuwar waƙar marigayi kakansa Moke da sabon kiɗa, gidan rediyo ya ce a kawo ran Juma'a. To amma a danginsu waƙa ta wanda aka yi wa ce, wannan kuwa kowa na cewa kakar tasa aka yi wa. In tsohuwar nan ta ce a'a, magana ta mutu.

Ya kunna mata a waya. Ba ta bari an kai baiti na biyu ba.

"Kashe! Wa ya jefa takalmi a injin wanki?"

"Ganga ce, Tutu."

"Ganga? A waƙar Moke? Mutumin da 'yar garayarsa ukulele kaɗai ta ishe shi ya hana unguwa barci?"

"Ai shi ya sa ba a barcin. Na ji tsohon faifansa. Rabi ƙarar suyar kifi, rabi kyanwa da ƙofa ta datse wa wutsiya."

"Kai, ɗan nema! Siririyar muryar nan ita ake kira gwaninta. In ya ja ta sama, tsuntsaye kan yi shiru."

"Guduwa suke yi."

"Kai fa? Kana rera wa mutane waƙa da hanci kamar mai mura. Duk yaran yanzu haka kuke. Ku ɗauko waƙar iyayenku, ku zuba mata duf-duf, ku ce sabuwa ce. An dai sake wa tuwo suna."

"Zamani riga ne, Tutu. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya."

"Rigar taka ba wuya ba hannu. Kuma wannan kukan da kake yi a tsakiya fa? Ciki ne ke murɗa maka?"

Kainalu ya dafe ƙirji. "Shauƙi ne. Ke ba ki ji kalaman ba? Mai baƙin gashi, mai saukowa daga dutse da asuba, ta shigo lambuna ta hana ni sukuni. Da na rera wa Nohea, yarinyar da zan aura, sai da ta jiƙa mini kafaɗa da hawaye."

Tsohuwa ta ajiye allura. Ta dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Ka rera wa Nohea?"

"A gaban uwarta. Na durƙusa ma."

Sai ta fashe da dariya, har furanni suka zube daga tire. Ta yi ta yi, ta share ido da gefen riga, ta sake dubansa, ta sake fashewa.

"Rashin sani ya fi dare duhu! Kainalu, wa ka taɓa gani yana saukowa daga dutse da asuba ya shiga lambun gwaza?"

"Ke mana, da ƙuruciya."

"Ni a bakin teku aka haife ni, sakarai. Aladiyar daji ce! Damina guda tana tone wa kakanka gwaza, yana bin ta da sanda, ko wutsiyarta bai taɓa kamawa ba. Da ya gaji ya zauna ya yi mata waƙa."

Kainalu ya tuna yadda ya lumshe ido, ya kama hannun Nohea, ya ja baitin nan na mai tafiya tana rangaji. Ashe duk aladiya yake wa kirari. Amma jika ba ya faɗuwa a gaban kaka ya kwanta. Ya gyara zama.

"Ƙarya kike, Tutu. Baitin ƙarshe shi ke faɗin wanda aka yi wa waƙa, kuma Momi ya ce. Sunanki ke nan."

"Sunan aladiyar ke nan. Mun yi faɗa a makon, ya raɗa mata sunana don ya ƙona mini rai."

"To me ya sa duk bikin da aka buga ta, ke ce farkon tashi rawa?"

"Da zan bar wa dabba filin? Mutane na cewa ga Momi, ga Momi, sai in ce ba ni ba ce?"

"Ashe kakana gwani ne. Baƙin gashi, tashin asuba, ba ta ganin abinci ta ƙyale, ba mai iya kama ta. Jifa ɗaya ya yi, ya sami biyu."

"Zan fasa maka baki da tiren nan!"

"Fasa. Amma ƙafarki tun ɗazu take bin takalmin da ke cikin injin wankin. Na sake kunnawa a hankali, ba ki ma ce a kashe ba."

Ta leƙa ƙasa. Ƙafar kuwa na ta bugun katako, ba ruwanta da uwar ɗakinta. Ta take ta da ɗayar.

"Sauro ne."

"Sauro mai bin ganga."

Tutu Leimomi ta yi ƙwafa, dariya na cin ta. Ta ƙulle bakin zaren, ta jawo kansa da kunne, ta rataya masa sarƙar furen da ta wuni tana yi.

"Je ka kai wa gidan rediyon. Muryarka ba ta kai tasa ba, amma ka fi shi riƙe numfashi, wannan na ba ka. Sharaɗi ɗaya. Zancen aladiyar nan, Nohea kada ta ji, uwarta kada ta ji. In mai rediyo ya tambaye ka wa aka yi wa waƙar, ka ce Momi, kyakkyawar da babu kamarta a duk tsibirin nan."

Kainalu ya sunkuya ya sumbaci goshinta. Sai da ya zura silifansa, ya sauka daga baranda, ya tabbata hannunta ba zai kai gare shi ba, sannan ya waiwayo.

"In ya ce wacce daga cikin ku biyun fa?"