Ajin da Kowa Ya Zo Na Ɗaya

Ko zan manta da komai a shekarun da na yi ina koyarwa, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta tsakiyar damina ba, ranar da na yi fatan ƙasa ta tsage in shige, ni da laftof ɗina gaba ɗaya.

Lokacin ni ce malamar kwamfuta a wata firamare mai zaman kanta a Gumel. Mai makarantar, Hajiya Ladi, tsohuwar shugabar makaranta ce da ta yi ritaya ta buɗe tata. Mace ce mai kirki, sai dai ba ta son ta ji an ce wata makaranta ta riga tata yin wani abu. Wata rana ta dawo daga Kano, ko mayafi ba ta ajiye ba ta sa aka kira ni ofis.

"Malama, a makarantar jikata yanzu a waya ake duba sakamakon jarrabawa. Ke da kika yi karatun kwamfuta, ba za ki iya yi mana irinsa ba?"

Amsar gaskiya ita ce, sau ɗaya na taɓa gina shafin intanet, shi ma don in ci jarrabawa, kuma ba wanda ya taɓa buɗe shi sai ni da malamin da ya ba ni maki. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Haba Hajiya, ai wannan ƙaramin aiki ne." (Har yau ina neman wanda ya aike ni.)

A gaskiya shawarar tana da amfani. Ɗalibanmu da yawa iyayensu ba a cikin gari suke ba. Wasu suna Maigatari, wasu Gagarawa, wasu Ɗanzomo, sun ajiye yaran a hannun 'yan uwa. Katin sakamako kuwa kafin ya isa hannun uba, ko dai ruwa ya jiƙa shi, ko kuma ya ɓace a hanya, musamman idan jan biro ya yi yawa a ciki.

Ga wanda bai sani ba, shafin intanet iri biyu ne. Akwai wanda yake kamar allon sanarwa, kowa ya zo abu ɗaya zai gani. Akwai kuma wanda yake kamar mai shago: ka faɗa masa ko kai wane ne, ya shiga ciki ya ɗauko maka naka. Wurin da yake ɗauko kayan shi ake kira rumbun bayanai. Irin na biyun Hajiya take so: uba ya sa lambar ɗansa da lambar sirri, shafi ya nuna masa makin kowane darasi da matsayin da yaron ya zo a aji.

Wata biyu ina fama. A kan laftof ɗina kuwa abin gwanin ban sha'awa, ga tambarin makaranta, ga hoton kowane yaro, kana dannawa yana buɗewa. Har mijina ya fara kirana Injiniya, ni kuma ina amsawa ba kunya.

Wahalar ta fara ne ranar da zan ɗora shi a intanet. Shafi yana buƙatar masauki, wato wata babbar kwamfuta a wani wuri da ba a kashe ta, inda kowa zai iya zuwa ya same shi. Na fara da masaukin kyauta. Na kai wa Hajiya wayata cike da alfahari, tana buɗewa sai ga tallar caca ta faɗo a kan tambarin makaranta, har da wani mutum yana ɗaga mata hannu. Ta yi salati ta miƙo mini wayar da yatsa biyu.

"Malama, wannan wane ne a makarantata?"

Muka koma masaukin kuɗi, mafi arha da na samu. Nan ma wata sabuwa. Ƙanwata da ke aure a Ɗanzomo ta gwada, ta ce ta ɗora tukunya ta sauke shafin bai gama buɗewa ba, ashe hotunan yaran ne suka yi nauyi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na rage. Wani ɗan uwanmu a Maigatari ya ce shi wayarsa sabis ɗin Nijar ta kama, saƙon maraba da Faransanci kawai yake gani. Na ce masa wannan kam ba laifina ba ne, ya matso kudu kaɗan.

Babbar matsalar ta ɓullo ranar Alhamis, saura kwana biyu bikin rabon kyaututtuka. Malamai sun gama shigar da maki, na danna don in ga matsayi, sai shafi ya yi fari fat, da wani dogon layin Turanci mai kama da zagi. Ashe rumbun bayanan masaukin tsohon yayi ne, bai san umarnin da nake amfani da shi wajen jera ɗalibai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe ba. Na rubuta wa masu masaukin, suka amsa da cewa suna godiya da haƙurina. Ga wuta an ɗauke tun safe. Na ɗauki laftof na tafi shagon masu cajin waya da ke bakin tasha, na zauna a kan benci cikin ƙarar janareta, na sake rubuta wannan ɓangaren da hannuna.

Da na gama na ce bari in gwada. Na sa lambar Habiba, wata yarinya 'yar aji biyar da kowa ya san ba a kama ta a karatu. Shafi ya buɗe: ta ɗaya. Na ce alhamdulillahi, na rufe laftof, na sayi zoɓo mai sanyi na yi wa kaina tukuici. (Ku lura, yarinya ɗaya tak na gwada.)

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka tura wa iyaye lambobinsu. Hajiya ta ce bana ba za a buga kati ba, an ci gaba. Kafin la'asar wayata ta fara ƙara. Wannan ya kira ya ce Allah ya yi mini albarka, waccan ta kira tana guɗa. Ni duk a zatona kyawun shafin suke yabawa. Wata mata mai tagwaye a aji biyar ta kira, muryarta da ɗan shakku.

"Malama, na ga Hassana ta ɗaya, Husaina ma ta ɗaya. Anya kuwa?"

Na ce, "Kunnen doki suka yi, Maman 'yan biyu. Ai tagwaye ne, komai nasu tare."

"To ai Husaina ko karatun Hausa sai an ja ta."

"Ki kwantar da hankalinki," in ji ni, har da gyara zama. "Kwamfuta ba ta ƙarya."

Ranar Asabar gari ya waye da lumshi, an yi yayyafi da asuba. An kafa rumfuna a filin makaranta, kujeru sun cika maƙil. Ban taɓa ganin iyaye sun zo da yawa haka ba, kowa ya sha kwalliya, kowa fuska a sake. Alhaji Haruna, wani dillalin shanu daga Maigatari wanda 'yarsa Sadiya ke aji biyar, ya iso da sabon keke a bayan mota, ko ledarsa ba a cire ba. Ni kuma an zaunar da ni a babban tebur kusa da Hajiya, na sa leshin da na ajiye tun bikin ƙanwata.

Hajiya ta yi jawabi ta yabe ni har na fara jin kaina yana girma. Ta ce makarantarta ta shiga zamani, ta ce in miƙe a gan ni. Na miƙe aka tafa, na ɗaga hannu kamar 'yar takara.

Da aka zo rabon kyauta ta ce za a fara da aji biyar. Malam Idi, malamin ajin, ya matso da takardarsa ta hannu zai miƙa mata, ta ɗaga masa hannu.

"A'a Malam, bana ba sai na kira suna ba. Kowa ya gani a wayarsa. Mahaifi ko mahaifiyar wanda ya zo na ɗaya a aji biyar, bismillah, a taso."

Alhaji Haruna ya miƙe yana gyara babbar riga. A bayansa Maman 'yan biyu ta miƙe. Wani tela da ke gefe ya miƙe. Sai na ji kujeru suna ta ƙara ta ko'ina. Kafin in ƙifta ido, mutum wajen talatin suna tsaye, kowa ya nufo babban tebur da murmushi, kowa yana kallon na kusa da shi yana mamakin ina shi kuma za shi.

"Malam, na ɗaya aka ce," in ji Alhaji Haruna ga telan.

"Ai shi ya sa na taso, Alhaji."

"Ikon Allah. To ga tawa a waya."

"Ga nawa ni ma."

Wayoyi suka tashi sama. Iyayen sauran azuzuwa ma suka fara leƙa na juna, hayaniya ta kaure. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce shi har kaza ya yanka jiya.

A zaune a wurin na gano abin da na aikata a shagon caji. Maimakon shafin ya jera duk 'yan aji sannan ya nemo yaron, sai na sa shi ya fara tsamo yaron shi kaɗai, sannan ya jera shi. Wanda yake shi kaɗai a layi kuwa, ina zai zo in ba na ɗaya ba?

Hajiya ta juyo a hankali ta dube ni ta saman tabarau. Sai ta miƙo mini lasifika. Na tashi, ɗankwalina ya zame, ban ma tsaya gyarawa ba.

Na ce, "Jama'a, ku yi haƙuri. Makin da kuka gani daidai ne. Matsayin ne... wato kamar a ce an sa tsere, amma kowane yaro shi kaɗai ya yi gudunsa."

Sai muryar Maman 'yan biyu: "Malama, ba ke kika ce mini kwamfuta ba ta ƙarya ba?"

"Ba ta yi ba," na ce, murya ƙasa-ƙasa (na manta lasifika ce a bakina). "Ni na sa ta."

Alhaji Haruna ya matso. "Tsaya, Malama. Yanzu Sadiya ta nawa ta zo? Don ni jiya ba wanda ban gaya wa ba a ƙofar masallaci."

Malam Idi ya duba takardarsa ya raɗa masa a kunne. Alhaji ya tambaye shi:

"Bara fa?"

Malam Idi ya sake raɗa masa.

"To ai ta wuce mutum uku ke nan!" in ji Alhaji da ƙarfi. "An samu ci gaba. Keke ya halatta, a ba ta abinta."

Nan fili ya ɓarke da dariya. Masu tsaye suka fara komawa kujerunsu suna tsokanar juna, ana ta "sannu baban na ɗaya", "yauwa, sannu maman ta ɗaya". Hajiya da kanta ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna girgiza. Ta karɓi takardar Malam Idi ta kira sunan Habiba.

Yarinyar ta fito, amma ba wanda ya taso tare da ita. Sai da aka sake kira, sannan wata tsohuwa ta miƙe daga can ƙarshen rumfa. Kakarta ce, Inna Hajjo, daga wata ruga kusa da Gagarawa. Duk cikin iyayen 'yan aji biyar ita kaɗai ce ba ta tashi ba ɗazu, domin ƙaramar waya gare ta, ba ta ga komai ba.

"Ni na ga kowa ya tashi," in ji ta, "sai na ce to tamu ce kaɗai ba ta ci ba. Har na fara tunanin yadda zan lallashe ta."

Tafin da aka yi mata ya fi wanda aka yi mini nesa ba kusa ba, kuma ya fi dacewa. Bayan an tashi na ɓuya a ɗakin kwamfuta, sai ga ta ta leƙo, riƙe da hannun Habiba.

"Ke ce mai na'urar? Kar ki sa a ranki, 'yar nan. An ce jiya ba gidan da ba a yi farin ciki ba saboda ke. Wasu yaran ma ba su taɓa jin an yabe su ba sai jiya."

Na rasa ko in yi dariya ko in yi kuka, sai na yi duka biyun.

Gyaran bai ɗauke ni minti goma ba, layi biyu kawai na sauya wa wuri. Hajiya ba ta kore ni ba, amma ta ce daga yau duk abin da kwamfuta ta faɗa sai Malam Idi ya sa hannu. Shafin yana nan yana aiki har yanzu. Sunan da na samu ma yana nan: in na shiga kasuwa sai in ji wata daga cikin rumfa ta ce, "Malama Kowa-na-ɗaya, a zo a sayi tumatir."

Abin da na koya shi ne, in za ka gwada abu, kada ka gwada shi da gwani kaɗai, ka nemo na can ƙarshen aji ka ga yadda za ta kaya da shi. Kuma yanzu duk ranar da aka saki sakamako, ba na samun natsuwa sai wani uba ya kira ni a fusace yana tambayar yadda aka yi ɗansa ya zo na ashirin. Ina ba shi haƙuri da ladabi, in ajiye waya, in ce alhamdulillahi, shafi lafiya lau.